Sarakuna Ukun da Ba Su Cikin Littafi

Ranar Lahadin da ta wuce yaran majami'armu suka yi wasan Kirsimeti. Samari uku suka fito da kambin kwali a ka, kowa riƙe da ƙunshi mai ƙyalli, suka durƙusa gaban kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa. Muna fita jikata ta ja hannun rigata ta ce, "Kaka, a wace aya sunayen sarakunan nan suke?" Da muka isa gida muka buɗe Bisharar Matiyu tare. Babu sunaye, babu sarauta, ko yawansu ma ba a faɗa ba.

Masana daga gabas Matiyu ya ambata, da kyauta iri uku: zinariya, lubban da mur. Daga yawan kyautar mutanen baya suka ƙirga baƙin, amma wasu Kiristocin Siriya na da suna cewa su goma sha biyu ne. A cikin gida kuma masanan suka tarar da yaro Yesu. Komin dabbobi da makiyaya labarin Luka ne, shi ma bai ambaci sa ko jaki ba. Al'adar kafa siffar wurin haihuwar da dabbobi kewaye ta bazu ne bayan Faransis na Asisi ya shirya irinta a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223.

Ranar haihuwar ma haka take. Markus da Yahaya ba su ba da labarin haihuwar ba, Matiyu da Luka kuma ba su faɗi rana ko wata ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin 25 ga Disamba daga Roma ya fito, yana nuni ga shekarar 336. Har gobe Armeniyawa 6 ga Janairu suke yi, Habashawa da Kibɗawan Masar kuma 7 ga Janairu. Maƙwabtanmu Musulmi da ke karanta labarin Annabi Isa a Suratu Maryam su ma ba su sami kwanan wata a can ba.

Inda masana suka fi daɗewa suna muhawara shi ne shekara. Matiyu ya sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, wanda yawancin masana tarihi ke cewa ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyus, wadda marubucin tarihin Yahudawa Yosifus ya ajiye a shekara ta 6 Miladiyya. Tsakaninsu kusan shekara goma ne. Lissafin shekarun da muke bi yau kuwa wani malamin coci, Diyonisiyus, ya tsara shi a 525, ya kuma yi kuskuren 'yan shekaru.

Na san dattawan da ke jin tsoron a faɗa wa yara waɗannan abubuwa. Ni tsorona na ga yaron da zai fara jin su daga bakin mai yi masa gori, ya ɗauka duk abin da muka koya masa tatsuniya ne. Alhali Matiyu da Luka sun haɗu a kan Baitalami, da Maryamu budurwa, da Yusufu, da tashin Yesu a Nazarat.

Ina roƙon malaman makarantar Lahadi, kada a hana yara kambinsu na kwali. Amma idan wasa ya ƙare, a zaunar da su, a buɗe littafin, a nuna musu abin da aka rubuta da abin da kakanni suka ƙara don ƙauna. Jikata da ta gani da idonta, daren nan sai da ta karanta surar Matiyun har ƙarshe.