Tumbin Malamin Jami'a Da Yunwar Da Ke Ɓoye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu duk sa'ad da malaman jami'a suka shiga yajin aiki: wai ina yunwa ga mutumin da ke da mota, ga babbar riga, ga kuma tumbi ya turo gaba? Mu a ganinmu wannan magana zalunci ce, ko da mai faɗinta bai nufi zalunci ba.

Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar albashin malami ta soma zubewa, har malamai suka riƙa cewa albashinsu ba ya ko kai su gida. Tsarin albashin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa a 2009, lokacin da dala take wajen naira 150, ya shafe fiye da shekara goma ba a yi masa gyaran kirki ba. A 2022 ƙungiyar ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, gwamnati ta riƙe albashi, sai a 2024 aka biya wani ɓangare. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023; a 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a watan Yuni na shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari.

To, tumbin fa daga ina? Daga rashin ne. Idan kuɗin cefane ya ragu, nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itace su ne ke fara barin tukunya, abin da ke saura shi ne mai cika ciki da arha: shinkafa, taliya, burodi, garin kwaki. Malami ya fita da sassafe bai karya ba, ya shiga aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ya dawo ofis ya duƙufa kan duba takardun jarrabawa. In yunwa ta matsa ya aika a sayo masa lemon kwalba da biskit, alhali robar lemo ɗaya mai rabin lita takan ƙunshi sukari wajen giram 50, wato kimanin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa baligi a yini guda. Sai bayan isha'i zai zauna wa malmalar tuwo, ya kwanta a kanta. Shekara biyar a haka, jiki ya yi nauyi, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, kuɗin magani kuma ya ƙara cinye na cefane. Malama mace tata ta fi tsanani, domin sau da yawa ita ce ke haƙura ta bar wa yara naman miya.

Alƙur'ani Mai girma ya riga ya sanar da mu irin waɗannan bayin Allah. A Suratul Baƙara, aya ta 273, an siffanta mabuƙatan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamewarsu daga roƙo. A Suratul Kahfi, aya ta 79, an kira masu jirgin ruwa miskinai alhali suna da jirgi suna aiki da shi, kuma malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan cewa mai sana'ar da ba ta isarsa yana iya shiga cikin miskinai. Ashe tsohuwar motar da ta shekara ashirin ba hujjar wadata ba ce. Ƙaramin malamin da ke cin bashin mudun masara a kanti ya fi son ya mutu da a ji, mu kuwa muna raba zakka ga wanda ya iya ɗaga murya kawai.

Ba mu wanke malaman gaba ɗaya ba. Akwai manya a cikinsu da ƙibarsu ta almubazzaranci ce, masu yawon tarurrukan ƙara wa juna sani a otal-otal, a ci a zubar, ƙananan malamai na sashensu kuwa suna kwana da tunanin kalaci. Hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito game da kasa ciki kashi uku, na abinci da na abin sha da na numfashi, bai keɓe farfesa ba. Abin kunya ne mai koyar da ilimin lafiya ko na addini ya zama shi ne bai san sunnar ci ba. Wake, gero, gyaɗa, zogale da rama suna nan a kasuwanninmu, raina su kuma wanin girman kai ne da boko ta shigo mana da shi.

Magabata ba su bar malami ga rahamar baitulmali kaɗai ba. Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067 Miladiyya, da waƙafi take biyan malamanta, kuma Azhar ta ɗauki ƙarnoni tana raba gurasa ga malamai da ɗalibai daga waƙafin masu hali. Ina attajiranmu daga wannan? Gina masallaci na biyar a layi ɗaya ya fi musu sauƙi.

Saboda haka muna kira ga rassanmu da ke maƙwabtaka da jami'o'i, a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, su haɗa kai da masallatan harabar jami'a a kafa asusun hatsi marar riba. A sayi masara da gero da wake lokacin kaka a kasuwanni irin su Dawanau da Giwa, sa'ad da farashi ya fi sauƙi a yawancin shekaru, a adana, a bai wa malami a farashin saye ya biya sannu a hankali. Wanda ya cancanci zakka kuma a kai masa gida da dare, ta hannun mutum ɗaya amintacce, ba tare da an karanta sunansa a lasifika ko an ɗauki hotonsa riƙe da buhu ba.