Gyaran Jirgin Sama Dole Ne, Ba Ganin Dama Ba

Duk lokacin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta tsayar da jiragen wani kamfani domin a bincike su, abin da ya fi yawa a bakin jama'a shi ne ƙorafi: an soke tafiya, kuɗin tikiti ya tashi, an bar mutane zaune a filin jirgi. A watan Yulin 2023 hukumar ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air bayan jerin matsaloli, ciki har da ficewar taya daga wani jirgi da ya taso daga Yola zuwa Abuja, da kuma samun ruwa a cikin man jirgi. A watan Afrilun 2024 aka dakatar da Dana Air bayan jirginsa ya kauce daga titin sauka a Legas. Wahalar da fasinja ke sha a irin wannan lokaci gaskiya ce, ba na raina ta. Amma ra'ayina shi ne duba lafiyar jirgi da gyaransa ba abu ne da za a bar wa hikimar mai jirgi ko kyakkyawar niyyarsa ba. Dole ne ya zama umarnin doka, mai wa'adi, wanda wani na daban zai je ya gani da idonsa cewa an cika. Tarihin sufurin sama ya sha nuna cewa duk inda aka mayar da gyara zaɓi, jadawalin tashi da lissafin kuɗi ne ke cin nasara.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake. Tun daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, an raba nauyi gida biyu. Ƙasar da aka ƙera jirgi a cikinta ita ke sanar da duniya idan an gano lahani a ƙirarsa, ƙasar da ta yi wa jirgin rajista kuma ita ke tabbatar da an gyara. Takardu iri biyu ne ke fitowa. Akwai takardar shawara daga kamfanin da ya ƙera jirgin, wadda mai jirgi kan iya jinkirtawa. Akwai kuma umarnin tilas daga hukuma, kamar FAA ta Amurka ko EASA ta Turai, wanda ke cewa a duba kaza, a canza kaza, kafin rana kaza ko kafin jirgi ya ƙara tashi sau kaza. Wanda ya saɓa, jirginsa ya rasa izinin hawa sama. Bayan wannan akwai dubawa ta yau da kullum, daga zagayen da bakanike ke yi kafin kowane tashi har zuwa babban bincike da ake kwance sassan jirgi na makonni. Ana ƙidaya shekarun jirgi da sa'o'in da ya yi a sama da kuma yawan tashi da saukarsa, domin a kowane tashi ana cusa iska a cikinsa, gangar jikinsa ta ɗan kumbura, ta sace idan ya sauka, a hankali ƙarfe ya gaji. Abin da ya faru ke nan a Hawaii a 1988, lokacin da rufin wani tsohon Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sama bayan tashi da sauka kusan 90,000. Daga nan ne aka tsaurara dokokin duba tsatsa da tsagewa a jikin tsofaffin jirage.

Bambancin shawara da umarni ba wasan kalmomi ba ne, kuma jirgin DC-10 ya tabbatar da haka da rayukan mutane. A watan Yunin 1972 ƙofar rumbun kaya ta ɓalle daga wani jirgin American Airlines jim kaɗan bayan ya tashi daga Detroit. Daɓen ɗakin fasinja ya lotsa, wayoyin sarrafa jirgin da ke ƙarƙashinsa suka lalace, amma matuƙan suka samu suka sauka ba tare da an rasa rai ba. Masu bincike sun gano cewa makullin ƙofar na iya nuna ya kulle alhali bai kama ba. Maimakon hukumar FAA ta fitar da umarnin tilas, sai shugabanta ya yi yarjejeniyar fatar baki da kamfanin McDonnell Douglas, wanda ya ƙera jirgin, cewa za a gyara ta hanyar takardun shawara. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 3 ga Maris 1974, irin wannan ƙofa ta ɓalle daga jirgin kamfanin Turkiyya da ya tashi daga Paris zuwa Landan, mutum 346 suka mutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne takardun masana'anta sun nuna an yi wa wannan jirgi gyaran, alhali ba a yi ba. Bayan haka ne umarnin tilas ya fito. An san cutar, an san maganinta, abin da aka rasa kawai shi ne wanda zai ce dole, da wanda zai duba ƙarfen ba takardar ba.

Mu a Arewacin Najeriya ba ma buƙatar aron darasi daga nesa. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi shatarsa domin jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyi biyu sun fashe yana gudu a kan titi, ƙarfen ya gogi kwalta har wuta ta kama. Da jirgin ya ɗaga aka naɗe ƙafafun zuwa cikin cikinsa, wutar ta cinye bututun man sarrafa jirgi da wayoyin lantarki, ta ɓullo ta daɓen ɗakin fasinja. Ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin jirgin, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa tun kwanaki kafin ranar an san iskar wasu tayoyin ta gaza ƙa'ida, kuma an sauya alƙaluman da ke cikin takardar aiki. A safiyar tafiyar bakanike ya nemi iskar naitrojin da zai ƙara wa tayoyin, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Babu wani sirrin kimiyya a nan. Aikin da bai wuce cika taya ba aka sadaukar domin kada a makara, kuma mutumin da ya ga matsalar ba shi da ikon da zai ce jirgin nan ba zai tashi ba. Wannan iko shi ne ainihin abin da dokar tilas ke bayarwa: tana ɗauke hukuncin daga hannun mai gaggawa.

Lahanin lantarki ya ƙara fito da wannan buƙata fili, domin shi ba ya ganuwa. Wayoyin babban jirgi suna da tsawon kilomita masu yawa, a ɓoye a bayan bango da ƙarƙashin daɓe, rigarsu tana tsufa, tana gogar ƙarfe, kuma jirgi na iya tashi shekaru da su ba tare da wata alama ba. A 1996 tankin man da ke tsakiyar jirgin TWA ya fashe bayan tashinsa daga New York, mutum 230 suka mutu, masu bincike kuma suka fi karkata ga cewa tartsatsin waya ne ya kunna tururin mai. A 1998 wuta ta tashi a saman ɗakin matuƙan jirgin Swissair kusa da gaɓar Kanada, ta bi abin rufin bango mai saurin kamawa, mutum 229 suka hallaka. Umarnin da suka biyo baya, na sake duba wayoyin tankin mai da cire irin wancan abin rufi, sun ci kamfanoni kuɗi mai yawa a kan jiragen da a zahiri lafiya lau suke aiki. Wane manaja ne zai tsayar da jirgin da ke kawo kuɗi domin lahanin da ba wanda ya gani, alhali abokin gasarsa bai tsayar da nasa ba? Sai an tilasta wa kowa lokaci guda ne mai gaskiya ba zai zama shi ke asara ba. Kuma amfanin yana fitowa. A 2013 an hana jiragen Boeing 787 tashi bayan baturansu sun yi zafi har sun ƙone, aka gyara kafin a rasa rai ko ɗaya. A Janairun 2024, bayan marfin wata ƙofa ya fice daga Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines, an tsayar da jirage 171, binciken kuma ya gano kusoshin da ba a ɗaure da kyau ba a wasu jiragen.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke kawowa ita ce ta tsada, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Kamfanin jirgi a Najeriya yana sayar da tikiti da naira, yana sayen kayan gyara da dala, sau da yawa kuma sai ya kai jirgi ƙasar waje domin babban bincike. Kowace rana da jirgi ya kwana a ƙasa bashi ne ke hauhawa. Idan tikiti ya fi ƙarfin mutane sai su koma hanyar mota, inda haɗari da masu garkuwa da mutane suka fi barazanar jirgi nesa ba kusa ba. Duk wannan haka yake. Sai dai abin da hujjar ke nunawa shi ne a rage tsadar gyara, ba a rage gyaran ba. Gwamnati na iya sauƙaƙa shigo da kayan gyara a kwastan, ta tabbatar kamfanoni na samun kuɗin waje a kan lokaci, ta ƙarfafa wuraren gyara na cikin gida irin wanda Aero Contractors ke da shi a Legas, ta kuma zuba jari a kwalejin horar da ma'aikatan jirgin sama da ke Zariya. Kamfanin da ba zai rayu ba sai ya tsallake gyara, tikitinsa ba arha ba ne. An dai ɓoye wa fasinja wani ɓangare na farashin, wanda za a karɓa daga ransa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma haɗari guda na iya taimakawa wajen rufe kamfani, kamar yadda ya faru da Nationair bayan Jidda.

Wasu kuma na cewa yawancin haɗurra kuskuren matuƙi ne ko yanayi, ga shi kuma su kansu masu gyara da hukumomi suna kuskure. Haɗari ba safai yake da sanadi ɗaya ba. Rahoton faɗuwar jirgin Dana a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yunin 2012, inda duka mutum 153 da ke ciki suka rasu tare da wasu a ƙasa, ya ɗora wa matuƙan laifin ƙin sauka a filin jirgi mafi kusa. Amma farkon lamarin shi ne inji ɗaya ya rasa ƙarfi mintuna 17 bayan tashi daga Abuja, na biyun ya bi shi dab da Legas. Jirgi mai lafiya ba ya jefa matuƙi cikin jarrabawar da zai iya faɗuwa. Batun kuskuren hukuma kuwa, misalinsa shi ne jirgin Alaska Airlines da ya faɗa teku a Kalifoniya a Janairun 2000 da mutum 88, saboda haƙoran notin sandar da ke juya fiffiken wutsiya sun cinye don rashin giris. Kamfanin ya yi ta tsawaita tazarar shafa giris da ta aunawa, hukuma kuma ta amince. Wannan ba hujja ba ce a kan tilas. Shaida ce ta abin da ke faruwa idan mai tilastawa ya yi laushi. Maganin gyaran da ba a yi daidai ba shi ne ido na biyu mai zaman kansa, ba barin gyara ba.

Akwai kuma mai cewa ajali idan ya zo babu makawa. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali na ɗauke wa mutum nauyin riƙo da sababi ba, kuma wanda aka ba amanar rayuka ya yi sakaci, za a tambaye shi. Haƙurin iyalan mamaci ibada ce; ba lasisi ba ne ga wanda ya sa hannu a kan aikin da bai yi ba.

Bayan haɗurran Bellview da Sosoliso a 2005 da na ADC a 2006, wanda ya ci ran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Najeriya ta ba NCAA 'yancin aiki a dokar 2006, kuma sararin samaniyarmu ya fi aminci tun daga lokacin. Abin da ya rage shi ne kare wannan 'yanci da cika shi. Hukumar na buƙatar isassun sufetoci masu albashin da zai hana kamfanonin da suke dubawa ɗauke su ko saye su, kuma su riƙa zuwa rumfar gyara ba tare da sanarwa ba, suna gwada abin da ke takarda da abin da ke jikin jirgi. Doka ta kare injiniyan da ya ƙi sa hannu daga kora, ta kuma hukunta ƙaryar takardar gyara a matsayin babban laifi. A riƙa wallafa sakamakon bincike da shawarwarin hukumar binciken haɗurra, NSIB, tare da bayanin waɗanda aka aiwatar, domin jama'a su yi hukunci da ilimi ba da jita-jita ba. Hukumar Alhazai ta auna kowane jirgin shata da wannan ma'auni, ko da zai jawo jinkirin jigila. Kada minista ko ɗan majalisa ya sa baki a saki jirgin da sufeto ya tsayar. Mu fasinjoji kuma muna da haƙƙin a mayar mana da kuɗinmu a kuma kula da mu idan an soke tafiya, mu nemi wannan haƙƙi da ƙarfi. Abin da bai kamata mu nema ba shi ne a tashi da mu a jirgin da injiniya bai gamsu da shi ba.