Kimiyya a Sauƙaƙe: Zafin da ke Buɗe wa Magani Ƙofa

 Duk mun san yadda man shanu ke daskarewa da hunturu, ya narke da bazara. To, daga nan darasinmu na yau zai tashi.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da siririn tantani mai maiƙo. Maganin sankara da ake kira kemo sai ya ratsa wannan tantani kafin ya kashe ƙwayar cutar. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan likitoci suka ɗaga zafin wurin ciwon zuwa tsakanin 40 da 43, tantanin yakan yi laushi kamar man nan, sai magani irin su cisplatin ya ƙara samun shiga. Zafin kuma yakan hana ƙwayar gyara ɓarnar da maganin ya yi mata.

A shekarar 2018, masu bincike a ƙasar Holan sun fitar da sakamakon gwaji kan mata 245 masu sankarar ƙwan haihuwa. Waɗanda aka zagaya musu magani mai ɗumi a cikin ciki na minti 90 yayin tiyata sun rayu kimanin wata 46 a matsakaici, sauran kuwa wata 34. Kusan shekara guda ke nan!

Amma fa mu kiyaye. Wannan zafi aunanne ne, kuma tare da magani yake aiki. Gashi da ruwan zafi ko ƙona ƙari da ƙarfe ba ya warkar da sankara, sai dai ya ɓata lokaci. Idan muka ga baƙon kumburi a jikin wani na gida, mu roƙi iyayenmu a kai shi asibiti da wuri.

Sai mako mai zuwa.