Kiɗan Gini a Zamanin Seku Ture: Wa Ya Yi wa Fursunonin Boiro Waƙa?

Masu kukan cewa gwamnati ta yi watsi da makaɗa da mawaƙa ya kamata su karanta tarihin Gini na zamanin Ahmed Seku Ture, kuma su karanta shi har ƙarshe.

A watan Satumban 1958 mutanen Gini suka kaɗa ƙuri'ar ƙin zama ƙarƙashin inuwar Faransa, suka karɓi 'yancin kai ranar 2 ga Oktoba. Seku Ture, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya tarar da makaɗan birni suna kwaikwayon kiɗan Turawa a gidajen rawa, sai ya rusa ƙungiyoyinsu, ya kafa na gwamnati. Aka raba wa larduna jita da ƙaho da ganguna, aka sa manyan makaɗa a albashi kamar malaman makaranta, aka umarce su da su koma wurin maroƙan gargajiya su ɗebo waƙoƙin kakanni su sabunta su. Gwamnati ta buɗe kamfanin faifai nata, Syliphone, mai tambarin giwa irin ta jam'iyyar Seku Ture, PDG.

Abin ya yi albarka, wannan ba a musu. Daga garin Beyla aka samu Bembeya Jazz a 1961, da mawaƙinta Abubakar Demba Kamara da mai jita Seku Diyabate. Aka samu Les Amazones, ƙungiyar mata jandarmomi zalla. Miriam Makeba, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta soke wa fasfo tun 1960, ta samu mafaka a Gini, har ta wakilci ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗan Gini da aka koya wa raina harshen uwarsa ya buɗe rediyo ya ji ana rera shi da alfahari. Mali ma ta bi sahu.

To amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Faifan Bembeya mafi shahara, Regard sur le passé, yabon Samori Ture ne, sarkin da ya yi ta gwabzawa da Faransawa har suka kama shi a 1898. Tarihi ne na gaskiya, sai dai Seku Ture yana cewa shi jinin Samori ne, saboda haka duk kirarin da aka yi wa kaka, kan jika yake sauka. Sauran waƙoƙin kuwa, da yawansu yabon jam'iyya ne da shugabanta. Kuma al'adar da aka ɗaukaka a matsayin ta ƙasa, mafi yawanta ta Malinke ce, ƙabilar shugaba. Fulanin Futa Jalon, duk da yawansu, ɗan ƙaramin kaso suka samu.

A cikin birnin Konakiri da ake wannan shagali akwai sansanin Boiro, inda ake tsare fursunoni. Can aka kulle Diallo Telli, sakatare janar na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka hana shi ci da sha har ya rasu a 1977, bisa zargin wani makirci da aka jingina wa Fulani. Kafin shi, Fodeba Keita, wanda ya kafa ƙungiyar rawa ta Ballets Africains ya kai sunan Gini duniya, ya kuma riƙe ma'aikatar tsaron cikin gida, an kama shi a 1969, bai fito da rai ba. A 1978 Salif Keita na Mali ya fitar da Mandjou, yabon Seku Ture, wanda ya ba shi lambar girma. Waƙa ce mai ratsa jiki, ni ma ina jin daɗinta, kuma a nan matsalar take: daɗin murya yakan sa mai sauraro ya manta tambayar wa ake yabo, me kuma ya aikata.

Ba na ɗora wa makaɗan nan laifin kisa. Mutumin da abincinsa da kayan kiɗansa da fasfonsa ke hannun hukuma, kuma ya ga abin da ya sami minista, ba a tsammanin zambo daga bakinsa. Laifin na tsarin ne da ya mai da mawaƙi ma'aikacin fadar shugaba. Da Seku Ture ya rasu a Amurka a 1984, tallafin ya yanke, Syliphone ta durƙushe, makaɗa da yawa suka watse neman abinci.

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san makaɗan fada, mun kuma ga yadda kakar zaɓe ke mai da mawaƙi mai mota da gida cikin dare ɗaya. Shi ya sa nake roƙon masu neman tallafin gwamnati su san abin da za su nema: makarantun koyon kiɗa, ɗakin adana tsofaffin faya-fayai, da dokar da za ta hana satar fasaha, yadda mawaƙi zai ci abinci daga hannun masu sauraronsa. Kyautar mota daga gwamna kuwa, wanda ya karɓa ya sani ya sayar da 'yancin faɗa masa gaskiya.