Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsohuwar Sana'a a Fagen Tsara Manhaja

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa tare da wayar hannu, wadda a tallace-tallacen neman ma'aikata ake taƙaita sunanta da haruffa biyu, UX. Aikin mai wannan sana'a shi ne tsara yadda mutum zai yi mu'amala da manhaja ko na'ura, tun daga abin da idonsa zai fara faɗa wa a kan allo har zuwa kalmar da ke kan maɓalli da saƙon da zai gani idan ya yi kuskure. Da yawa daga masu shiga wannan fage ba a cikinsa suka tashi ba. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da ƴan jarida, da masu fassara. Abin da ya zama ruwan dare a tsakaninsu shi ne jin kunyar inda suka fito: sai mutum ya share shekara goma na koyarwa daga takardar neman aikinsa, ya gabatar da kansa a matsayin ɗan koyo mai kwas na wata shida. Wannan kuskure ne, kuma tarihin sana'ar da kansa ya ishe shi raddi.

Mutumin da ya yayata sunan sana'ar, Don Norman, injiniyan lantarki ne a karatunsa na farko a MIT, sannan ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa a San Diego ta Amurka. Yana cikin masanan da suka nazarci haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island na 1979, inda suka ga cewa tsarin ɗakin sarrafa tashar ya taimaka wajen ruɗa ma'aikatan da aka ɗora wa laifi. Littafinsa na 1988, wanda aka fi sani da The Design of Everyday Things, a kan wannan fahimta ya ginu: idan mutane da yawa suna tura ƙofar da ja ake yi, laifin na mai ƙera ƙofar ne. Sai a 1993 ya shiga kamfanin Apple. Bai je can da gwanintar zane ba, ya je ne da sanin yadda hankalin mutum yake tuna abu da yadda yake mantawa.

Susan Kare kuwa digirin digirgir ɗinta a fannin zane-zane ne, daga Jami'ar New York, kuma lokacin da wani abokin karatunta na sakandare, Andy Hertzfeld, ya gayyace ta aikin kwamfutar Macintosh a farkon shekarun 1980, ba ta taɓa zana wani abu don allon kwamfuta ba. Ta sayi littafi mai gidajen dara, ta riƙa cike wasu gidaje tana barin wasu, domin ta lura cewa hoton allo ɗigo-ɗigo ne, ɗan'uwan ɗinkin ado da jeren ƙananan duwatsu da ta riga ta sani. Daga nan kwandon shara da fuskar kwamfuta mai murmushi suka fito a 1984. Duk wanda ya taɓa ganin mai ɗinkin hula yana ƙirga zare zai gane abin da ta gani.

Amma labarin da ya fi dacewa ɗalibin harshe ya tsaya a kansa shi ne na Lucy Suchman, masaniyar al'adun ɗan Adam da ta yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto. Kamfanin ya ƙera injin kwafe takardu da yake tallatawa a matsayin mai sauƙin gaske, amma masu saye suna ta koke. Maimakon ta tambayi mutane ra'ayinsu, sai aka ɗauki bidiyon mutane bibbiyu suna ƙoƙarin yin kwafi gaba da baya, ita kuma ta rubuta abin da suka ce da abin da suka yi, dalla-dalla, da dabarun nazarin hira, wato yadda masu magana suke karɓa-karɓa, da yadda suke gyara rashin fahimta idan ta auku. Cikin waɗanda aka ɗauka suna fama da injin har da manyan masana kwamfuta guda biyu. Abin da ta gano shi ne cewa injin yana bin shirin da aka tsara masa yana zaton mutum ma haka yake, alhali mutum yana duba halin da yake ciki ne ya yanke shawara, kuma injin ba ya ganin mafi yawan abin da ke faruwa a gabansa. Wannan ne jigon littafinta na 1987. Ana yawan cewa wai bincikenta ne ya haifar da koren maɓallin da ke jikin injinan kwafi. Ita da kanta ta musanta hakan, kuma ƙin mutuwar wannan tatsuniya yana nuna yadda mutane suka fi son a ce an ƙirƙiro maɓalli a kan a ce an canza fahimta.

Abin lura a dukkan ukun shi ne cewa ba sunan tsohuwar sana'ar ya yi musu amfani ba. Abin da ya yi musu amfani wata hanya ce ta kallo da sana'ar ta horar da su a kai. Malamin firamare ya san fuskar yaron da ya ce ya gane alhali bai gane ba, kuma wannan fuskar ce ake gani a wurin gwajin manhaja. Ma'aikaciyar jinya ta san abin da mutum yake iya karantawa da ƙarfe uku na dare bayan tsayuwar awa goma. Ɗan jarida ya iya yin tambayar da ba ta ɗauke da amsarta a cikinta, abin da sababbin masu bincike sukan shekara suna koyo.

Ɗalibin Hausa fa, me yake riƙe da shi? Ya fi abin da yake zato. Cikin ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen ya fitar a 1994 don auna sauƙin manhaja akwai wadda ta ce lalle manhaja ta yi magana da harshen mai amfani da ita. Faɗar wannan da Turanci abu ne mai sauƙi, aiwatar da shi da Hausa kuwa sai wanda ya san nahawu. Umarnin Turanci bai damu da jinsi ba. A Hausa dole a zaɓa: "ka shigar da lambar sirri" ya bar mata a waje, "ki shigar" ya bar maza, "ku shigar" yana da girmamawa amma yana iya nuna jama'a, "a shigar" ya kauce wa matsalar amma yana da sanyin sanarwar ofis. Babu amsa guda. Abin da ya dace da manhajar banki ba lalle ya dace da ta awon ciki ba. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ma ya zo da Hausa a 2016, amma samuwar harshe a cikin na'ura daban, yanke irin wannan hukunci daban.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. A ɗauki maɓallin da aka rubuta wa "Ƙi karɓa". Idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ, ko mai bugawa ya yi kasala, sai ya koma "Ki karɓa", kuma mace mai riƙe da wayar za ta karanta kishiyar abin da ake nufi. "Soke" da "sauke" kusan kamarsu ɗaya a idon mai karatu da ƙyar, alhali ɗaya yana fasa aiki, ɗaya yana cinye masa data. Ko rubutun kansa ya rabu a kan iyaka: abin da Nijar take rubutawa da ƴ, Nijeriya da 'y take rubuta shi, kuma akwatin bincike da bai san haka ba zai ce babu sunan da yake nan.

Misalin da ya fi tsada shi ne na kuɗi. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Yamai ba da sefa ɗai-ɗai ake ƙirga ba, da dala ake yi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jika guda. Manhajar tura kuɗi mai magana da murya, idan ta karanta 500 ta ce "ɗari biyar", dattijon da ke saurare zai iya jin sefa 2,500. Wanda ya zana allon a wani birni mai nisa ba shi da hanyar sanin wannan. Wanda ya taɓa zama a shagon tura kuɗi, ko ya yi tallar goro yana yaro, ya san shi tun kafin ya san sunan sana'ar.

Duk da haka, akwai inda masu wannan ra'ayi suke zarcewa, kuma ya kamata a taka musu birki. Tsohuwar sana'a ba ta ɗauke wa mutum koyon sabuwa. Dole ya koyi zana ƙwarangwal ɗin allo, ya iya aiki da manhaja irin Figma, ya san abin da masu rubuta manhaja za su iya ginawa da wanda ba za su iya ba, ya kuma yarda cewa a wasu abubuwa yaron da ya haifa ya fi shi. Ga malamin da ya saba a miƙe masa idan ya shiga aji, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Gwani yakan ɗauka shi ne mai amfani da manhajar. Masanin Hausa zai so ya sa kalmar da ƙamus ya amince da ita, alhali mutane sun daɗe da ara wata daga Faransanci ko Turanci, kuma ita suke ganewa. Mai shiga sana'ar daga sashen harshe, idan ya zo da niyyar tsarkake bakin mutane, zai ƙera abin da malamansa za su yaba amma ƴan kasuwa su kasa amfani da shi. Suchman ba ta gaya wa kowa yadda ake kwafi ba. Zama ta yi tana kallo.

Saboda haka hanyar amfani da tsohuwar sana'a ita ce a mayar da ita hujja da ido zai gani. Masu ɗaukar aiki a wannan fage kundin ayyuka suke dubawa kafin takardar shaida, kuma kundin sababbin shiga yakan cika da abu iri ɗaya: manhajar odar abinci da aka zana wa mutanen da babu su. Ɗalibin da ke Yamai, ko Garwa, ko zangon Kumasi yana da abin da ya fi wannan. Ya zaɓi aiki guda da mutane suke yi da waya kullum, kamar sayen kati ko tura kuɗi gida. Nielsen ya daɗe yana cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tono mafi yawan manyan matsaloli, don haka ba a bukatar kuɗi masu yawa. Ya nemi izinin mutum biyar, cikinsu har da mace da wanda ajami kawai ya iya karantawa, ya zauna gefensu ba tare da ya taimaka ba, ya rubuta inda kowa ya tsaya da abin da ya furta a lokacin, kamar yadda aka koya masa rubuta hira a darasin nazarin harshe. Sannan ya sake rubuta kalmomin allon, ya koma wurin wasu biyar ɗin, ya rubuta abin da ya gyaru da abin da ya ƙi gyaruwa, har da wuraren da gyaran nasa ya ƙara rikita su.