Na'urar Gashin Da Ba Ta San Gidajenmu Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, sau da yawa a Wurno da Rabah da Goronyo idan albashi ya shigo, ko ana haɗa kayan ɗakin amarya, sai ido ya kai ga na'urar gasa nama ta lantarki. Mu dai a ganinmu, wanda ya ƙera ta bai yi ta domin gidajenmu ba, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Da farko, tana shan wuta wat 1,500 zuwa 2,000, alhali ƙaramin janareton da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye bai kai wat 1,000 ba. Madatsar Goronyo kuwa, wadda aka kammala a 1984, ruwan noma da na sha take bayarwa, ba lantarki ba. Ran da aka ɗauke wuta, na'ura ta zama ado ke nan. Sa'an nan wutarmu volt 230 ce, ta Amurka 120. Wadda aka kawo gwanjo daga can, da an jona ta sai ta ƙone.

Ko da wutar ta samu, wayarta gajera ce, domin an yi ta ne a ɗora bisa tebur, matanmu kuwa a tsakar gida suke girki, yara na kai da komo. Tasar da ke tare kitse ƙarama ce, ba ta iya wa naman ragon layya. Garin ƙuli-ƙuli ya zuba ya babbake, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki. Takardar bayaninta kuma ba da Hausa take ba.

Wani zai ce ai itace na ƙarewa, hamada na matsowa. Wannan gaskiya ne, amma abin da ke ajiye cikin kwali bai taɓa ceton bishiya ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe da ƙera murhu mai tsimin itace da na girki da hasken rana, ga hanya nan an share.

Saboda haka muna kira ga masu karatun injiniya a cikinmu, su zauna da mahauta da maƙera da iyayenmu mata kafin su zana komi. A ba mu na'ura mai ƙarancin shan wuta, mai doguwar waya da tasa mai zurfi, mai sauƙin wanki, da bayani cikin boko da ajami. Kafin wannan lokaci, kowa ya riƙe kuɗinsa.