Kafin ka sayi jirgin ruwa mai inji na hannu

1/ Ni ɗan cikin ganuwa ne, ruwan da na taso na sani bai wuce kududdufi da Jakara ba. Amma watan jiya sai da na shiga cinikin jirgin ruwa mai inji, na hannu, saboda kawuna. Abin da zan faɗa ba zai yi wa dillalai daɗi ba. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Kawu yana zaune a wani ƙauye a bakin madatsar Tiga, sana'arsa su. Ya sayar da sa biyu, ya zo gida ya same ni: "Ɗana, kai ka iya waya. Nemo min jirgi mai inji, ranar kasuwa in riƙa ƙetarar da mutane."

3/ Wani dillali ya turo hotuna. Jirgin faiba fari fes, sabon fenti, injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ya ce daga Legas aka kawo shi, "ya sha teku, balle ɗan ruwan Tiga." Maganar ta burge Kawu, ni ma ta burge ni. Ashe ita ya kamata ta tsorata mu.

4/ Allah ya sa muka tafi da wani tsohon makanikin inji da ya yi shekaru a Yawuri. Ya ce ruwan teku gishiri ne, injin da ya yi aiki a ciki ba a wanke shi da ruwan daɗi ba, ta ciki yake rubewa. Ya ɗaga murfi, ga farin gari a kan notina. Biyu sun ƙi kuncewa.

5/ Ga abin da na koya a wurinsa. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar. In ka tarar an riga an ɗumama shi, tambayi dalili. Kuma kada a tayar da shi a tudu ba ruwa, nan da nan robar famfon sanyaya shi take ƙonewa.

6/ Da ya tashi, duba ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta gefe. In babu, ko yana ɗiga da ƙyar, injin ba ya sanyaya kansa. Sannan a kunce notin man giya na ƙasa, kusa da farfela. In man ya fito fari-fari kamar nono, ruwa na shiga. Na dillalinmu haka ya fito.

7/ Gangar jirgin kuma, ka tafi baya inda ake ɗaure injin. Ka kama injin ka girgiza. In bangon ya lanƙwasa, katakon da ke cikin faiban ya jiƙa ya rube. Ka bi ƙasan da ƙwanƙwasa. Sabon fenti a tsohon jirgi sau da yawa faci yake rufewa.

8/ Jirgin teku da na madatsa ma ba ɗaya ba ne. Mai tsinin ƙasa yana yanka igiyar ruwa, amma yana son zurfi. Madatsa da rani ruwa na ja baya, ga kututture a ƙasa, ga ciyawa tana naɗe farfela. Mutanen Hadeja da Nguru sun san abin da kacala take yi. A nan mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi.

9/ To, ga ra'ayina. Duk wannan binciken mai sauƙi ne. Inda muke kuskure shi ne tambayar farko da muke yi: "Mutum nawa zai ɗauka?" Dillali ya ce 20, mai jirgi ya lissafa kuɗin 25, ranar kasuwa a zuba 30 da buhuna da babur.

10/ Mu Kanawa ba sai an ba mu labarin nesa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Lodin da ya wuce kima aka ɗora wa alhaki. Allah ya jiƙansu.

11/ A Yunin 2023 a Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum 100 suka tafi, daga biki suke dawowa, da dare. Hukumar NIWA tana hana tafiyar dare, tana cewa a sa rigar kariya. Amma hedikwatarta na Lokoja, ba za ta tsaya a kowace mashaya ba. Mai jirgi shi ne hukuma a bakin ruwansa.

12/ Shi ya sa na ce wa Kawu: kuɗin rigunan kariya yana cikin kuɗin jirgi. In kuɗinka bai kai na riguna ba, bai kai na jirgi ba. Ka rage girman inji, ka rage kwalliya, kada ka rage wannan.

13/ Ya ce min, "Ɗana, ajali in ya zo riga ba ta hanawa, kuma fasinja ba sa son sawa." Na ce gaskiya ne, Kawu, rai na Allah ne. Amma ranar da za ka tsaya gaban uwar yaro, me za ka ce ka yi? Ya yi shiru.

14/ Ƙarshe mun bar na Legas ɗin, araha ba ta ado. Muka sayi ƙarami mai injin doki 15 da bai taɓa shiga gishiri ba, muka gwada shi a ruwa da kaya kafin mu biya, muka karɓi rasit mai lambar inji. Ragowar kuɗin: riguna 10, filafili biyu, bokitin kwasar ruwa.

15/ Da fenti na rubuta 10 a gefen jirgin, har da shi matuƙin. Jiya Kawu ya kira yana mita, wai ya bar mutum huɗu a gaɓa sai da ya yi sawu biyu, fetur ya ci ribar. Na ce ranar Juma'a zan aiko da kuɗin man. Ya ce in haɗo da ƙananan riguna uku na yara.